Neman shawara: masaukin baƙin biki a Jos ƙarshen Disamba

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wlh kaina ya ɗau zafi. Autarmu za a aurar, ɗaurin aure Asabar ɗin bayan Kirsimeti a gidanmu na Anguwan Rogo, kuma tunda Baba ya rasu komai ni da Kawu ne. Dangin ango daga Kano za su taho ranar Juma'a su kwana biyu, sun ce maza 12 mata 9 masu ɗaukar amarya, ban da abokan ango da har yau ba a faɗa mana adadinsu ba, duk wanda na tambaya sai ya ce ai ba su da yawa. Ga namu dangin na Gombe su Gwaggo da 'ya'yanta. Gidan ɗaki uku ne da falo, ɗaya ma kayan ɗaki da gara sun cinye shi.

Na zaga otal biyu, ɗaya sun ce in biya duka yanzu in ina so su riƙe min ɗakuna, ɗayan sun ce rabi amma in na fasa ba sa mayar da kuɗi. Na dawo gida na faɗa wa Mama sai ta hau faɗa wai abin kunya ne surukai su zo garinmu a kai su otal kamar marasa gata, a zamaninsu makwabta ake roƙa. To ni ɗaki nawa zan kama, a wace unguwa, kuma wai ma wa ya kamata ya biya, mu ko su?

Hajiyar Gangare:
Wa alaikumussalam 'yata, Allah ya sanya alheri. Maganar Mamarki ki riƙe ta, rabinta gaskiya ne. Matan nan tara kar ki kuskura ki kai su otal, musamman in akwai gwaggon ango ko yayar uwarsa a ciki. Ke kina ganin kin mutunta su da ɗaki mai AC, su kuma za su koma Kano su ce ko gidan ba a bari sun zauna ba an watsar da su a otal. Tsohuwa so take ta zauna a tabarma ana shigowa ana gaishe ta, a kawo mata kunu da safe, ta ga amarya, ta ga kaya. Ki samu makwabciya mai falo babba ki roƙe ta tun yanzu, ki saya mata ko turmin atamfa ne bayan biki. Katifu ki yi haya ko ki ara. Otal ki bar wa maza.

Ɗan Rikkos:
Hajiya ta gama magana a kan mata. Ni a kan lokacin zan ja kunnenki anti. Satin Kirsimeti zuwa sabuwar shekara Jos cika take, 'yan Filato da ke aiki Abuja da Legas duk sun dawo gida, ga bukukuwa kowace Asabar na Musulmi da na Kirista, to mai otal ba ya tsoron ki fasa, shi ya sa suke miki taurin kai. Bara bikin abokina mun kama ɗaki takwas da baki kawai ta waya, manaja ya ce ba matsala Alhaji, muna isowa da baƙi ƙarfe taran dare aka ce saura uku wai wani ya zo da kuɗi a hannu ya kwashe. Manajan ma wayarsa a kashe. Ranar a falon gidanmu mutum bakwai suka kwana har da kawun ango, har yau in na tuna kunya nake ji.

Ki biya rabin, amma ki je da kanki. Rasit ɗin a rubuta ranar shiga da ranar fita, adadin ɗakuna da lambar kowane ɗaki, da kuɗin da ya rage, a buga hatimi. Ki tura kuɗin asusun otal ɗin, kar ki tura wa yaron risefshan a asusunsa ko ya ce intanet ɗinsu ne ya ɗauke. Sannan ki tambaya kuɗin da suka faɗa miki har da haraji ne, dan wasu sai ranar fita za su ɗora VAT na kashi 7.5 wasu har da kuɗin hidima, a ɗaki shida kwana biyu ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Baban Sadiq:
Maza 12 ɗaki shida ne, bibbiyu, in da ɗaki mai gado biyu ya fi. Waliyyi da babban kawu kawai za ki ware wa ɗaki ɗai-ɗai, kenan bakwai. Kar ki wuce haka. Mutanen da aka ce 12 ne sau da yawa takwas ke zuwa, wasu kuma asubar Asabar za su taso su juya bayan ɗaurin aure.

Ɗan Rikkos:
Baban Sadiq a Disamba fa gara ɗaki ya yi saura da ya gaza.

Baban Sadiq:
Da kuɗin wa? Baiwar Allah ta ce marainiya suke aurarwa.

Ummu Khairat:
Ni abin da ba wanda ya taɓo shi ne sanyi. Mu mun saba, amma mutumin Kano bai san Jos na kan tudu sama da mita 1,200 ba sai ya tashi alwalar asuba ya taɓa ruwa. Ki shiga ɗakunan ɗaya bayan ɗaya ki kunna hita ki ga ruwan zafi ya zo da idonki, kar ki yarda da "duk suna aiki". Ki tambaya in an ɗauke wuta ƙarfe nawa suke tada janareta ƙarfe nawa suke kashewa, dan wasu sha biyun dare suke kashewa kuma hita ba ta aiki da inbata. Bargo ma ki duba, wasu zanin gado ɗaya ne sirit. AC kam ba mai nemanta a watan nan kar su ƙara miki kuɗi da sunanta. Ki gaya wa dangin angon su taho da rigunan sanyi da safa, ba wasa nake ba, an taɓa kawo mana amarya daga Sakkwato 'yan rakiya suka kwana suna zagaye da kaskon gawayi.

Sai kuma ki je wajen da daddare ki gani, ba da rana kawai ba. Otal da rana shiru kamar masallaci, dare na yi mashaya ta buɗe kiɗa har asuba, ga satin shagali. Ki kai dattijo mai carbi nan ai kin gama da kanki. Buta ma ki saya ki ajiye kowane banɗaki da darduma, yawanci ba su da su.

Malam na Bauchi Road:
Game da unguwa, 'yar uwa, kusa ya fi kyau. Masu zuwa daga Kano ta Falgore da Saminaka ta Zaria Road za su shigo su faɗo Farin Gada, na Gombe kuma ta Tilden Fulani su shigo Bauchi Road, duk kusa da ku ne. Ki nema tsakanin nan zuwa cikin gari. Rayfield akwai wurare masu kyau amma nisa, baƙon da bai san gari ba bai kamata a sa shi zirga-zirgar dare ba, ga kai abinci sau uku a rana daga Anguwan Rogo kafin ya isa ya huce. In akwai mai zuwa ta jirgi a tuna filin yana Heipang ne can bayan Bukuru, a tanadi mai ɗauko shi.

Batun biya kuwa, a al'ada baƙon ɗaurin aure na gidan amarya ne, masauki da abinci. Amma abokan ango ba nauyinku ba ne. Kawunku ya kira waliyyin ango ya ce mun tanadi masaukin iyaye, samari ango ya ji da su. Magana ce ta maza, ke kar ki sa baki.

Amaryar Bukuru:
Anti ki duba gidajen haya na kwana-kwana ma, fulat mai ɗaki uku da kicin, mu shi muka kama wa 'yan uwan mijina ya fi mana arha. Sai dai suna karɓar kuɗin ajiya saboda ɓarna, namu yara suka fasa tebur ɗin gilashi rabin kuɗin ya tafi 😭

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Mama maganar Hajiya ta ce kin ji ko, yanzu haka ta saka hijabi ta shiga gidan makwabciyarmu. Su Gwaggo za su matsu da mu a gida. Kawu ya kira Kano, ashe mazan ma tara ne za su kwana, ango kuma ya ce abokansa shi zai ji da su. Gobe bayan isha'i zan sa ƙanina ya raka ni mu ga otal ɗin na biyu, ɗaki biyar zan kama har da ɗaya na waliyyi. Ummu Khairat dan Allah a ina zan samu hayar katifu da barguna, kamar goma?

Ummu Khairat:
Katifa ki tambayi masu hayar kujeru da rumfa, wasunsu suna da ita. Bargo kuwa ba na jin ana haya, ki shiga Terminus wajen 'yan gwanjo ki saya ki wanke tun yanzu su sha rana. Ina da guda huɗu a gida, ki turo yaro.