Me ya sauya salon waƙar mawaƙin Birtaniya Cat Stevens, wato Yusuf Islam?

Ɗan Birni: Salamu alaikum 'yan uwa. Waƙoƙin mutumin nan na 1967 da na 1970 kamar ba baki ɗaya ya rera su ba. Me ya faru a tsakani?

Mai Gurmi: Wa alaikumus salam. Tarin fuka ne ya kwantar da shi wata da watanni. Kafin ciwon yana kamfanin faifai na Deram, inda ake lafta wa waƙa kayan busa da na goge har su danne murya. Da ya warke sai ya koma kamfanin Island, mai shirya masa faifai Paul Samwell-Smith ya rage kayan: jita biyu marasa lantarki, tasa da ta Alun Davies, sai bas da ɗan ganga. Saurari faifansa Tea for the Tillerman, kowace kalma tana fita tar.

Hajiyar Zango: Malam Mai Gurmi, ka tsallake 1973. A Kingston ta Jamaika ya naɗi faifan Foreigner, shi ya shirya abinsa, babu Davies. Fiyano ya maye gurbin jita, waƙa ɗaya mai kusan minti 18 ta cinye gefe guda na faifan. A ganina nan ya fi nuna ƙarfin hali, ko da yake masoyan tsohon salon ba su so ba.

Baban Sadiya: Ya musulunta a Disamba 1977, ya ajiye jita shekara da shekaru, ya buɗe makarantar Islamia a Landan a 1983. Waƙoƙin yara da ya yi daga baya murya ce da ganga. A 2006 ya dawo fagen waƙa da faifan An Other Cup.