Wakilin makarantar sojan ruwa ya yi mana shiru, in je in same shi ko in bari?

Maman Yara, Greensboro:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon bayani, raina ne ba a kwance ba. Yaron wajena, babban, ya ƙwallafa ransa a kan makarantar hafsoshin sojan ruwa ta Annapolis, a jihar Maryland. Ba yau abin ya fara ba. Kakansa na wajen uba ya yi aikin jandarma a Damagaram, tun yaron yana rarrafe yake ce masa "soja", har sunan ya bi shi. Da muka zo ƙasar nan babansa ya shiga tuƙin babbar mota, sai ya daɗe a hanya ba mu gan shi ba, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi, yawanci da dare. Yaron nan shi ya raini ƙannensa, shi ke kai su islamiyya ranar Asabar, duk da haka bai taɓa kawo mini sakamakon da zan ji kunya ba. Yana gudu a ƙungiyar makarantarsu, lissafi kuwa har wasu yake koya wa. Da farko babansa ya ce sam, ba zai kawo ɗa Amurka ya miƙa wa soja ba. Sai da ya ji karatun shekara 4 ne kyauta, har da ci da kwana da ɗan alawus, a yi musu aikin shekara 5 bayan an gama, sannan ya sauko. Ku da kuke nan kun san kuɗin jami'a, ga ƙanne uku a bayansa.

To an ce akwai wani mutum da ake kira Blue and Gold Officer, wai BGO, shi zai yi masa intabiyu. An tura masa imel, shiru. An sake turawa, shiru. Na bincika na gano inda yake aiki, ba nisa da mu. Ina tunanin in shirya in je in gaishe shi, in riƙa masa ɗan kilishi da turare, ya san yaron nan yana da iyaye. Ko hakan zai ɓata? Ku ba ni shawara don Allah.

Direban Bronx:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki je kawai. Zuwa da kai ya fi aike. Mutanen nan imel ɗari ke shigo musu a rana, amma in suka ga fuska sai su tuna.

Tsohon Sojan Ruwa, Norfolk:
Hajiya, don girman Allah kada ki je, kuma kada ki kai komai. Na yi aikin sojan ruwa a ƙasar nan har na yi ritaya, 'yata kuma ta bi wannan layin, don haka ki saurare ni. BGO ɗan sa-kai ne, ba a biyansa ko sisi. Wani tsohon ɗalibin makarantar ne, wani hafsa ne mai ritaya, wani ma ɗansa ne kawai ya yi karatu a can. Yana da aikinsa da iyalinsa, makarantun sakandare da yawa aka rataya masa. In kika faɗo masa wurin aiki da leda a hannu, kin saka shi a tsaka mai wuya: ba zai karɓa ba, kuma ba zai manta ba.

Kafin mu yi nisa, ki amsa mini. Aji nawa yaron yake, 11 ko 12? Ya cike fom ɗin farko har an ba shi lambar ɗan takara? Ɗan ƙasa ne? Sannan kin ce "an tura". Wa ya tura?

Anti Mai Kitso, Harrisburg:
Allah ya sa albarka, Maman Yara. Ke kin ma ji daɗi naki yana da abin da yake so. Nawa ya gama sakandare bara, yana ɗaki da wasan kwamfuta, in na yi magana ya amsa mini da Turanci, ubansa kuma ya ce ni na sangarta shi. Ni da nake tsaye a shago tun safe har ƙafafuna su kumbura. Wallahi wani lokaci sai in ji da ma can gida na bar shi wurin yayata.

Maman Yara, Greensboro:
Amin Anti, Allah ya shirya mana su. Yallaɓai na Norfolk, aji 12 yake. Fom ya cike tun bazara, a shafinsa ma muka ga sunan mutumin da imel ɗinsa. Ɗan ƙasa ne, ya samu ta wajen babansa tun yana firamare, yana da fasfo. Imel ni na tura, da adireshina, amma na yi bayani sosai cewa ni ce mahaifiyarsa, na faɗi duk halin da muke ciki. Yaron yana da kunya, ba ya iya yi wa babba magana kai tsaye, haka muka tarbiyyantar da shi. Kuma shekararsa 17, ai har yanzu a hannuna yake.

Tsohon Sojan Ruwa, Norfolk:
To ga inda gizo ke saƙar. Hajiya, ba ke za a ɗauka ba. Mutumin nan aikinsa ya zauna da yaro ya rubuta wa makaranta rahoto, kuma babban abin da yake nema ya gane shi ne: yaron ne ke so, ko iyaye ne ke tura shi? Domin sun sha ganin wanda aka turo, ya shiga horon bazarar farko, a aske masa kai, a karɓe wayarsa, kafin wata ya cika ya ce gida zai koma. Yanzu saƙo biyu sun iso masa, duka daga uwa, har da labarin kuɗin makaranta. Me kike so ya ɗauka?

Yau ɗin nan yaron ya zauna ya rubuta da kansa, da adireshin imel mai cikakken sunansa. Layi biyar sun isa: sunansa, makarantarsa, lambarsa ta ɗan takara, abin da ya kammala a fom da abin da ya rage, sai ya nemi lokacin da ya dace a yi intabiyu. Ya sa lambar wayarsa, ba taki ba. Ya gyara saƙon da ke amsa kira in bai ɗauka ba, ya riƙa duba akwatin da imel ɗin banza ke faɗawa. Wasu BGO ɗin ma ba sa kiran yaro intabiyu sai sun ga ya yi nisa da cike takardunsa, don haka shirun ba lallai ne fushi ba.

Malama, Columbus:
Ni ban yarda da a ɗora wa baiwar Allah laifi duka ba. Ina koyarwa a sakandare, na ga iyaye Turawa suna kiran waya kan abin da bai kai wannan ba. Mai ladabi ko layi ɗaya ne ya amsa mata, ya ce yaron ya tuntuɓe shi. Akwai mai kula da BGO na kowane yanki, sunansa yana shafin makarantar, jiha-jiha. Wani lokaci mutum ya yi tafiya, ko ba shi da lafiya, ko ya ajiye aikin ba a sauya sunansa ba. A rubuta wa na saman kawai, lokaci na tafiya.

Tsohon Sojan Ruwa, Norfolk:
Malama, a soja ba a tsallake na kusa a je wa na sama tun ba a ba shi dama ba. Yaron bai taɓa rubuta masa ba ko sau ɗaya, ƙarar me za a kai? Ya rubuta, ya jira kamar sati biyu, ya sake ko ya kira waya. In har yanzu shiru, sannan ya nemi mai kula da yankin, cikin ladabi, ya ce yana so ya tabbatar adireshin da ke hannunsa daidai ne. Shi ɗin, ba uwarsa ba.

Malama, Columbus:
Sati biyu a ƙarshen Satumba ba ƙaramin abu ba ne, Yallaɓai.

Alhaji Mai Shago, Houston:
Ni tambayata daban ce. An zauna an yi tunanin inda za a tura yaron nan in ya gama? Ƙasashenmu na Musulmi fa jiragen nan ke zuwa. Kuma salla da azumi da abincin halal fa? Ɗan ƙanena can gida ya nemi aikin ɗamara, ya ci jarrabawa, ya ci gudu, aka ce sai an kawo takardar wani babba. Muka yi ta yawo gidajen mutane, har fili aka sayar, a ƙarshe sunan wani ya fito a gurbinsa. Tun daga nan na cire raina daga duk wani abu mai kaki. Ko'ina sai kana da wani, kada a ruɗe mu.

Direban Bronx:
Gaskiya Alhaji. Shi ya sa na ce ta je. In mutumin nan ne mai sa hannu, ai dole a san shi.

Tsohon Sojan Ruwa, Norfolk:
Ba shi ne mai sa hannu ba, ku daina faɗin abin da ba haka ba. BGO ba ya ɗauka, ba ya korarwa. Kwamitin makaranta ne ke yanke hukunci, rahotonsa guda ne cikin abubuwan da suke dubawa. Alhaji, na yi salla a cikin jirgi, na yi azumi a teku, da wahala amma ana yi. Maganar inda za a tura shi kuwa tambaya ce ta gaske, yaron ne ya kamata ya amsa wa kansa ita kafin ya yi rantsuwa.

Hajiya, abin da ya fi tayar mini da hankali ba ki ambace shi ba ko kaɗan. Ba a shiga Annapolis sai wani mai ikon tsayarwa ya tsayar da yaro. Ku a North Carolina kuna da sanatoci biyu da ɗan majalisar wakilai na mazaɓarku, ga kuma mataimakin shugaban ƙasa, duka huɗun ya nema. Ba sai kun san kowa ba, kowane ofishi yana da fom a shafinsa, da yawansu kuma kwamiti ke zaunar da yara ya yi musu tambayoyi. Makaranta tana rufe karɓar takardu 31 ga Janairu, amma ofisoshin 'yan majalisa tun kaka suke rufewa, da yawa a Oktoba. Wannan in ya wuce ya wuce, intabiyun BGO kuwa ana iya yinsa daga baya. Sai gwajin lafiya na DoDMERB, hukumar soja mai tantance lafiyar masu neman shiga, wanda yake cin lokaci in aka nemi ƙarin takardu. Sai gwajin ƙarfi kala shida, har da jifan ƙwallon kwando a durƙushe, jan jiki a ƙarfe, da gudun mil ɗaya, malamin motsa jiki na makarantarsu zai iya yi masa. Ina aka kwana a waɗannan?

Maman Yara, Greensboro:
Na ɗan majalisa ina jin ya fara, na ga yana buga wasu takardu, zan tambaye shi. Na lafiya ba a kira mu ba tukuna. Lafiyarsa ƙalau, sai dai ɗan abin shaƙa da likita ya taɓa rubuta masa lokacin sanyi, ya daɗe bai taɓa shi ba. Amma Yallaɓai, ina so a fahimce ni. Ban rubuta don in yi masa katsalandan ba. Da na zuba masa ido, da har yau ba a tura komai ba, kullum sai ya ce mini "zan yi". Babansa yana hanya. In ban tsaya masa ba wa zai tsaya? Kuma a tarbiyyarmu, babba ne ke gabatar da yaro wurin babba.

Ma'aikaciyar Jinya, Atlanta:
Yaya, tsaya. Abin shaƙar nan yana da shekara nawa aka rubuta masa? A ƙa'idar lafiyar soja, asma bayan cika shekara 13 tana hana shiga, sai dai in makaranta ta nema masa sassauci, kuma ana samu. Ki je asibitin yara ki karɓo duk takardunsa tun yanzu. Kada kuma a ɓoye a fom, suna iya ganin tarihin magungunan da aka rubuta wa mutum.

Maman Yara, Greensboro:
Ba asma ba ce, mura ce ta sauka masa a ƙirji. Shekarar ba zan iya tunawa ba.

Tsohon Sojan Ruwa, Norfolk:
Takardar likita ce za ta faɗa, ba mu ba. Amma Hajiya, wannan "zan yi" ɗin ki tsaya a kansa. Ki zaunar da shi, ba a gaban ƙannensa ba, ki tambaye shi ko har yanzu yana so, kuma ki ba shi hanyar da zai ce a'a ba tare da ya ji ya kunyata kakansa ba. In yana so, imel na minti goma ba zai gagare shi ba. Akwai kuma tallafin karatu na NROTC, shirin horon sojan ruwa a jami'o'in gari, shi ma hafsa yake fitarwa, ya nema tare. Ranar intabiyu in a gida za a yi, ki gaisa da mutumin, ki yi tambayarki in ya ba da dama, sannan ki tashi ki ba su wuri.

Anti Mai Kitso, Harrisburg:
Ni dai na ce uwa ba ta laifi a kan ɗanta. Yallaɓai ka cika zafi.

Maman Yara, Greensboro:
Yana so mana, ni na haife shi, na san abin da ke ransa. Na gode muku duka. Zuwa wurin aikin na fasa tunda kun ce haka, ko da yake har yanzu ban ga aibun gaisuwa ba. Abin da zan yi, zan rubuta saƙon da kaina yadda ya kamata, shi kuma ya tura da adireshinsa, in sa wa mai kula da yankin kwafi kamar yadda Malama ta ce.

Malama, Columbus:
Ni ban ce a haɗa su a saƙo ɗaya ba fa.

Tsohon Sojan Ruwa, Norfolk:
Ki bar shi ya rubuta, ko da kuskure a ciki. Kuma a cire kwafin nan. Ranar rufewar sanatocin fa, an duba?

Baban Husna, Newark:
Salamu alaikum, yanzu na shigo. Tawa 'yar aji 11 take, ta sojan sama take so, ta Colorado Springs. Su ma BGO ɗin ne, ko nasu daban? Kuma gilashin ido yana hanawa?