Ɗakin Hajiya yana yoyo: in hau in liƙe da kaina ko in canza kwanon kusurwar?

Baban Amira:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin ruwa ya sauka sosai. Gidanmu na gado ne a Kurna, ciki biyu da falo, kuma ɗakin da mahaifiyata take kwana shi ne yake yoyo. Rufin kwano ne irin na da, ya haura shekara 20, an zagaye shi da katanga ta sama yadda ba a hango kwanon daga waje, ruwan yana fita ta indararo biyu. Bara cikin Agusta kusurwar gabas ta fara ɗiga, silin ya yi baƙi ya kumbura, sai da muka janyo gadonta tsakiyar ɗaki. Sauran ɗakunan lafiya lau. Na kira kafinta, ko tsani bai taka ba ya ce sai an yaye rufin gaba ɗaya. Abin da ke hannuna naira 150,000 ne, kuma ba na sa ran wani kuɗi nan kusa. In hau da kaina in nemo wurin in liƙe, ko in sa a canza 'yan fallayen kusurwar kawai? Wanda ya taɓa yi ya taimaka min don Allah.

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam. Ka yi wa mai gidan magana, gyaran rufi ba na ɗan haya ba ne. Kada ka kashe ko sisi sai ya yarda za a cire a kuɗin haya.

Baban Amira:
Malam Abu, gidan gado ne na ce. Ni ne babba, a kaina abin yake.

Alhaji na Hotoro:
Yaye shi duka ka sa dogon kwanon alminiyam mai kaurin milimita 0.55, ka huta har jikokinka. Ni tun da na sa ban sake jin ɗigon ruwa ba. Faci ɓarnar kuɗi ne.

Maman Walid:
Ɗan'uwa, duk abin da za ka yi, kada ka damƙa wa kafinta kuɗin kaya a hannunsa. Ni na gani da idona. Shekarar da za mu aurar da 'yata ta fari, maigidan yana wajen aiki a Fatakwal, ya turo kuɗi ya ce a sabunta rufin ɗakuna biyu saboda baƙi. Wani ɗan unguwa ne, muna gaisawa da matarsa, ya ce in bar masa komai. Ya kawo kwano sabo fil yana ƙyalli, ni kuwa me na sani? Ashe mafi sirantar da ke kasuwa ya sayo, kuɗin mai kauri kuma ya karɓa. Katakon da ke ƙasa gara ta gama cinye shi, bai canza ko ɗaya ba, ya buga sabon kwano a kai ya sauko ya karɓi ladansa har da na goro.

Hadarin farko na watan Mayu, wajen ƙarfe biyu na dare, iska ta taso da ƙura. Na ji ƙara, na ɗaga kai sai ga walƙiya a inda silin yake. Rufin ɗakin gaba ɗaya ya tashi da katakonsa, ya faɗa tsakar gidan maƙwabta ya karya wa akuyarsu ƙafa. Allah ya tsare babu mutum a wajen. A ɗakin nan muka tara kayan ɗakin yarinya: katifa, kujeru, labule, akwatunan lefe da aka kawo. Ruwa ya kwana yana zuba a kansu. Da gari ya waye na zauna a ƙasa ina matse atamfofi ina kuka, rini ya zuba daga wannan ya shiga wancan.

Muka kai shi wajen mai unguwa. Ya rantse ya ce iska ikon Allah ce. Mai unguwa ya sa aka ɗauko guntun katakon, ya danna da babban yatsa sai ya burme, gari yana zuba. Aka yanke zai biya rabi. Ya kawo dubu goma sau biyu, daga nan ya canza layin waya. Har yau in muka haɗu da matarsa a gidan suna sai ta kau da kai, kamar ni ce na cuce su.

Ummu Hanif:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar miki da alheri Maman Walid. An dai yi bikin?

Maman Walid:
An yi, amma da bashi. Kujerun har yau da tabon ruwa a jikinsu a ɗakinta.

Abu Sadik:
Ai da kotu kika kai shi. Mai unguwa sulhu kawai ya sani.

Tsohon Kafinta:
Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, wannan ba kafinta ba ne, maci amana ne. Amma bari in koma kan yaron da ya yi tambaya, don na ga an bar shi a baya. Ɗana, rufin da aka zagaye da katanga, yawancin yoyonsa ba daga tsakiyar kwano yake ba. Wuri biyu za ka fara dubawa. Na farko bakin indararo: ƙurar hunturu, ganyen darbejiya, leda da sheƙar tsuntsu suna taruwa su toshe shi, ruwa ya rasa hanya ya kwanta, ya koma baya ya bi ta ƙarƙashin kwano. Na biyu inda kwano ya haɗu da bango. Magina suna shafe wurin da siminti, shi kuwa kwano da rana yana buɗewa, da dare ya tsuke, siminti ba ya bin sa, sai ya tsage. Tsagar da ba ta kai kaurin farce ba ta isa ta jiƙa ɗaki.

Kuma kada tabon silin ya ruɗe ka. Ruwa yana shiga a wani wuri, ya bi jikin katako ya gangara, ya ɗiga a wani wurin daban. Ka cire fallen silin ɗaya da rana tsaka, ka leƙa ba tare da fitila ba, duk inda ka ga haske yana shigowa ka sa alama. Sannan ka soka sukundireba a katakon kusurwar. In ya shige da sauƙi, liƙi ba zai yi maka komai ba, sai an canza katakon. In silin ɗin irin tsohon asbesto ne, kada ka yanka shi ko ka fasa shi a bushe, ƙurarsa tana illa ga huhu. Ka yayyafa masa ruwa, ka rufe hanci, ka fitar da Hajiya daga ɗakin tukuna.

In za ka hau, da sassafe kafin kwano ya ɗau zafi, da takalmi mai roba, ka taka kan layin ƙusa kawai don nan ne katako yake. Ka duba ko wayar wuta ta ratsa ta saman. Wani ya riƙe maka tsani.

Ɗan Zazzau:
Bakano da hawa rufi? Ku bari kawai, yana hawa zai hango kasuwar Kurmi ya manta abin da ya kai shi, ya fara lissafin nawa zai sayar da tsohon kwanon.

Baban Amira:
Bawanmu, ka bari manya su gama magana tukuna. Baba Kafinta, Allah ya saka da alheri, gobe Asabar zan leƙa in sha Allahu.

Sani Mai Waya:
Akwai dabara mai sauƙi. Farin soson nan da ake sako firji ko talabijin a ciki, ka jefa shi a fetur, zai narke ya zama gam. Ka shafa a hujin, shi ke nan. Haka na yi wa shagona.

Injiniya M.:
Don Allah a daina ba da irin wannan shawara. Fetur a kan kwano mai zafi, a saman ɗakin tsohuwa? Kuma in ya bushe tsagewa yake yi. Akwai Flashband, liƙau ne mai kwalta a ciki da alminiyam a baya, ana sayar da shi a naɗe. A kankare tsatsa, a goge wurin ya bushe, a liƙa a danne. Amma gaskiya magana ita ce rufin da ya haura shekara 20 ya gama aikinsa. Sannan irin waɗannan rufin ba a ba su gangare isasshe, shi ya sa ruwa yake kwanciya. Ya kamata a kira wanda ya karanci abin ya duba, ba a dogara da gwaje-gwajen masu koyo a bakin titi ba.

Tsohon Kafinta:
Injiniya, ranka ya daɗe, a bakin titin na koya, kuma akwai rufin da na buga tun mulkin Shagari yana nan bai ɗiga ba. Kwanon wancan zamanin ya fi na yanzu kauri nesa ba kusa ba. In tsatsa ba ta huda shi ba, wallahi ba zan ba mutum shawara ya cire shi ya sa na yanzu ba. Flashband ɗinka yana da kyau a kan hujin ƙusa da 'yar tsaga. A mahaɗar bango kuwa damina ɗaya ko biyu zai yi ya ɗago. Abin da yake riƙewa shi ne a tsaga bango kaɗan, a lanƙwasa fallen kwano a cusa bakinsa ciki, ɗaya gefen ya kwanta a kan rufin, sannan a shafe tsagar.

Injiniya M.:
A nan ban musa maka ba Baba. Amma ku ne kuke shafa wa katako baƙin mai ku ce ya hana gara, alhali akwai Solignum da aka yi don haka.

Tsohon Kafinta:
Mai naira 150,000 ake ba shawara, ba mai kwangilar gwamnati ba. In yana da hali ya sayi maganin, in babu baƙin mai ya fi a bar katako haka.

Alhaji na Hotoro:
To nawa ma bandir ɗin kwano yake yanzu? Yarona ya ce 48,000 a Ƙofar Ruwa.

Ummu Hanif:
Anya Alhaji? Watan jiya maigidana ya sayo a 76,000, a Ƙofar Ruwan nan.

Ɗan Panteka:
Nan Kaduna na ga na 55,000, na ga na 90,000. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira ta faɗi, babu farashin da yake kwana biyu a wuri ɗaya. Ku tuna farkon 2024 da buhun siminti ya haura 10,000, gine-gine nawa ne suka tsaya cak?

Tsohon Kafinta:
Duk gaskiya kuka faɗa, kaurin ne ya bambanta. Falle 20 ne a bandir, ka ƙirga a gabansu. Ka ɗaga falle ɗaya ta gefe, in ya lanƙwashe yana rawa a hannunka, irin na Maman Walid ne, shekara kaɗan zai zama kamar rariya. Araha ba ta ado. Shi wannan yaron ma ba sai ya sayi bandir ba, ana sayarwa falle-falle. Biyar ko shida, da katako tu-bai-tu daga 'yan katako na Na'ibawa, da ƙusa mai hula, da rabin buhun siminti, kuɗinsa zai isa har ladan aiki. Ƙusa kuma a kan tudun kwano ake bugawa, ba a kwarin da ruwa yake bi ba. Ka tsaya a kan mai aikin ka gani.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Mu nan tol, wato kwano, munka sa bisa ɗaki guda, sauran na ƙasa ne, kowace shekara kahin ruwa sai an hau an yi yaɓe an gyara indararo. Wanda ya yi sakaci shi ka kwana tsaye cikin watan takwas. Ni abin da ni gani, ko wane irin rufi ne, indararo ya fi kashe gida. Na maƙwabcina bisa bangona ya ke zuba, gindin bangon duk ya zaizaye.

Baban Amira:
Na leƙa yau. Indararon gabas cike yake da ƙasa da leda, har da wata 'yar ciyawa ta tsiro. Simintin mahaɗar ya tsage kusan tsawon hannu. Katako biyu lafiya, na ukun sukundireba ya shiga kamar rabin yatsa. Shi kaɗai zan canza, ko gara ta riga ta shiga sauran?

Ummu Hanif:
Ɗan Maraɗi ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Maƙwabcinmu ya ɗora bene, ya juyo da bututun ruwansa lungu, daidai bangon kicin ɗina. Duk damina filasta sai ta zube, gishiri ya fito fari fat. Mun yi magana, ya ce lungu na kowa ne.

Abu Sadik:
Na kowa ne, amma Manzon Allah (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa. Ku haɗa shi da limamin unguwa.

Maman Walid:
Hmm. Mu a layinmu wani ya cike kwatar ƙofar gidansa da siminti don motarsa ta riƙa shiga, yanzu ruwan layin gaba ɗaya a zaurenmu yake tsayawa. Da aka yi gayyar yasar kwata ko ɗansa bai turo ba.

Alhaji na Hotoro:
A yi adalci dai. Mai mota ma yana da haƙƙi, ta ina zai shiga gidansa?

Injiniya M.:
Sai ya ɗora silab a sama ruwa ya wuce ta ƙasa, Alhaji, ba ya toshe hanyar ba. Kuma masu zuba shara a kwata da daddare fa? Matan gida ne da yawa suke aiken almajirai da bokitin shara.

Ummu Hanif:
A'a Injiniya, kada a ɗora mana. Ka nuna min inda aka ajiye mana bola a unguwarmu tukuna, mai kurar kwasar shara kuma naira 300 yake karɓa kullum, wa yake bayarwa in maigida ya fita bai bar ko na cefane cikakke ba?