Neman shawara: An ce in wakilci ƙasashen Larabawa a muhawarar sauyin yanayi

Assalamu alaikum yayyena da malamaina. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe. Malaminmu ya shirya mana kwaikwayon taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka ce in tsaya a madadin rukunin ƙasashen Larabawa. Da na fara bincike sai kaina ya ɗaure: Saudiyya na kare man fetur, Maroko ta cika garin Warzazat da tashar hasken rana, Sudan da Somaliya kuma fari da ambaliya suke kuka da su. Da bakin wa zan yi magana? Don Allah a taimaka, mako mai zuwa ne.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara daga inda bakinsu ya zo ɗaya, wato kuɗi. Ƙasashe 22 ne, kuma duk sun tsaya a kan cewa ƙasashen da suka ci gaba ne suka fara turnuƙe sama da hayaƙi, su kuma yarjejeniyar sauyin yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1992 ta ɗora wa nauyin biya. Gabanin taron sauyin yanayi na Baku a Azarbaijan na 2024 rukunin ya nemi dala tiriliyan 1.1 duk shekara, aka tashi taron da alkawarin biliyan 300 duk shekara nan da 2035. Sun kuma ƙi a sa masu arzikin cikinsu a jerin masu biya dole. Nan ne ƙafarki za ta fi tsayuwa.

Amsa ta biyu:
Haka ne Malam, amma ta shirya wa maganar mai, don nan za a kai mata hari. A taron Dubai na 2023, wanda ya jagoranci zaman shi ne Sultan Al Jaber, shugaban kamfanin man Abu Dhabi. Duk da haka a hannunsa aka amince a riƙa janye jiki daga mai da gas da kwal, bayan babban sakataren OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur, ya rubuta wa mambobi su yi fatali da irin wannan magana. Da aka je Baku, Saudiyya ta ƙi yarda a maimaita ta. Hujjarsu ita ce a yaƙi hayaƙin, a bar man, kuma a duba asarar ƙasar da kasafinta ya dogara da shi. Ki haddace ta ko da ba ki yarda da ita ba.

Amsa ta uku:
Ni dai ina roƙon 'yar uwa kada ta mayar da Larabawa duka masu rijiyar mai. Na yi karatu a Masar, na ga gonaki a arewacin bakin kogin Nilu da gishiri ya fito fari fat a kan ƙasa. A Satumban 2023 madatsun ruwa biyu suka ɓalle a Derna ta Libiya, dubban mutane suka rasu. Komoros kuwa, wadda ita ma tana cikin rukunin, tana zama da ƙananan ƙasashen tsibirai, masu neman a daina mai da gaggawa. Asusun biyan asara da ɓarnar sauyin yanayi ma a Sharm el-Sheikh ta Masar aka amince da shi a 2022, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta saka dala miliyan 100 a ranar buɗe taron Dubai. Waɗannan ma mutanenki ne, ki ba su kaso a jawabinki.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. To idan aka matsa min in ce e ko a'a kan daina mai fa?

Amsa ta farko:
Ki ce rukunin zai yarda da sauyi idan kowace ƙasa za ta bi hanyar da ta dace da halinta, kuma a fara ajiye kuɗin. Sannan ki juya ki tambayi wakilin Turai yaushe za su biya.