Neman kalma: "hubub al-liƙah" da "jin" da Hausa, ina da rikodin ranar Alhamis

Tafinta (Tabuk): Salamu alaikum 'yan uwa, ina neman agaji na gaggawa. Muhandis ɗin (wato injiniyan) gonar da nake aiki ya ba ni takarda da Larabci in juya ta Hausa in yi rikodin murya a tura wa ma'aikata kafin Alhamis, yawancinsu 'yan Maraɗi da Tawa da Katsina ne kuma ba kowa ke karatu ba. Tun da murabba'aniyya, wato kwana arba'in na tsananin sanyi, ta shigo tumatir ke ta zubar mana da fure a rumfunan leda, ganye kore shar amma ba 'ya'ya, wanda ya ƙulla ma sai ka tsaga ka ga ciki fayau ba iri. Takardar ta ce in dare ya sauka ƙasa da digiri 10 abin nan mai ruwan ɗorawa na cikin fure ne ke lalacewa tun bai nuna ba. Kalma uku suka tsaya min a wuya: hubub al-liƙah (wannan abin mai ruwan ɗorawa), jin (gene a Turanci), da ijhad al-buruda (wahalar da sanyi ke ba shuka). Dan Allah ku taimaka.

Bagobiri (Buraida): Wa alaikumus salam. Na farkon ai ba sai an nema ba, bununi ne. Duk wanda ya taɓa shiga gonar gero da safe ya fito rigarsa ta yi ɗorawa-ɗorawa ya san shi. Na ukun ka ce bugun ɗari, kar ka ce sanyi, sanyi na damina ne mai laima, wannan na Tabuk busasshe ne mai shiga ƙashi.

Malamar kimiyya (Jidda): Bugun ɗari ya yi wallahi, na karɓa. Amma bununi ina da ja kaɗan Baba, a kunnena bununi ya haɗa har da 'yan zaren da ke lilo a jikin zangarniya, mu kuma garin kawai muke so. Kuma bambancin na da amfani a nan, don jakar da garin ke girma a ciki tana da wata shimfiɗa da ke shayar da shi sukari, tafitum ake ce mata, asalin kalmar daga Latin ne ma'anarta darduma. Aikinta ta ciyar da shi sannan ta narke a kan lokaci, to ɗari yana rikita lokacin, sukarin bai isa ba, garin ya fito a motse ba sitaci a cikinsa. Kuma ɓarnar kan faru kamar kwana goma zuwa sati biyu kafin furen ya buɗe, shi ya sa ma'aikaci zai ce ai jiya ba a yi sanyi ba me ya sa yake zuba. Wannan kar ka bari ya faɗi a rikodin ɗin. Ni garin fure nake cewa a gida in ina yi wa yara bita.

Malam (Misfala, Makka): Me ya sa ake wahala? Liƙah tana cikin Alƙur'ani, Suratul Hijri aya ta 22, inda Allah Ya ce Ya aiko iskoki lawaƙih, wato masu barbara. Kuma duk wanda ya yi aikin dabino a Ƙasim ko Madina ya san talƙih, da hannunsa yake ɗaure reshen namiji a cikin ta macen. Hausa ta ari littafi da alƙalami da lokaci daga Larabci ba wanda ya mutu.

Ɗan Dala (Riyad): A gafarce ni Malam amma wannan arace-aracen shi ya kai mu inda muke, 'ya'yanmu a nan ba sa iya jimla ɗaya ba ya'ni da khalas. Na daɗe ina faɗa, ƙurfure za mu ce, ƙura da fure a haɗe, gajeriya ce tana da jam'i, ƙurfurai. Shi kuma jin a ce magadi, abin da ake gado da shi, kamar maburgi da makulli. Shi Baturen Denmak da ya ƙago kalmar jin a 1909 ai daga Girkanci ya sassaƙo ta, ba sauko masa da ita aka yi ba, mu me ya hana mu?

Bagobiri (Buraida): Ɗana, ƙura datti ce. Ka je ka ce wa manomi abin da ke sa tumatir ɗinsa haihuwa ƙura ce, gobe zai ɗauko mesa ya wanke.

Ɗan Dala (Riyad): Baba ai shi ya sa aka haɗe ta, in an saba za ta zauna. Ƙurfure, magadi, sai kunna magadi da kashe magadi. Na rubuta jeri guda tun bara ba mai kulawa, amma da daga Landan aka karanto ta a rediyo da yanzu kowa na yi.

Ɗan Mai Wurno (Madina): Maganar 'ya'yanmu ta taɓa ni. Kakanninmu sun fi shekara ɗari a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar a Sudan kuma har yau da Hausa muke mafarki, amma kullum mutanen Kano su ce tamu gurɓatacciya ce. A waje a kira mu Takari, a gida a ce ba mu iya ba. Wa ya ba gari ɗaya hatimin Hausa? Kakata bununi take cewa, ba ta taɓa ganin Dala ba.

Ɗan Dala (Riyad): Ban ce taku ba ta yi ba ɗan uwa, amma dole a sami ma'auni, kuma daidaitacciyar Hausa kan ta Kano aka gina, ba ni na yi ba.

Malam (Misfala, Makka): Ma'aunin nan cike yake da Larabci, har kalmar hatimi da aka faɗa yanzu.

Tafinta (Tabuk): Jama'a dan girman Allah, saura kwana biyu. Jin ɗin ya fi damuna, in na faɗe shi haka wasu za su ji jini wasu su ji aljan. Ƙwayar halitta kuma ita ake ce wa khaliyya, zai rikice.

Malamar kimiyya (Jidda): Ka ce ƙwayar gado, an riga an saba ji. Ka kwatanta musu da carbi, tumatir na da igiya 12 biyu-biyu, an karance su a 2012 an sami ƙwaya wajen 35,000 a jere, ba duka ake ja lokaci ɗaya ba, wasu na farke wasu na barci. Akwai uku da ake kira CBF masu tada sauran in ɗari ya zo, a tumatir ɗaya ce kawai ke farkawa sosai, kuma shi tumatir ba ya sabawa da sanyi kamar alkama. Wani danginsa na daji a tsaunukan Andes yana rayuwa sama da mita 3,000, shi masu binciken iri ke ta dubawa. Farkawa da barci sun fi kunnawa da kashewa, don ba kamar fitila ba ne, akwai rabi da rabi.

Ɗan Dala (Riyad): Farkawa ta yi, na yarda. Amma ƙwayar gado doguwa ce, za ku dawo kan magadi.

Tafinta (Tabuk): To ga abin da na tsayar, na gwada wa mutum huɗu a masauki bayan isha'i. Bununi uku sun gane nan take, ɗayan yaron birni ne sai da na ce garin fure. Zan ce bununi, wato garin fure, sau ɗaya a farko, in ambaci liƙah don su gane in muhandis na magana. Bugun ɗari ya zauna, ƙwayar gado ta zauna. Ƙurfure na gwada, ɗaya ya ɗauka sunan maganin feshi ne. Tafitum ɗin ce har yanzu ban tsayar ba, darduma ko uwar goyo.

Malamar kimiyya (Jidda): Uwar goyo, tunda shayarwa ce aikinta. Bununin dai ban gamsu ba amma tunda sun gane shi kenan.

Ɗan Dala (Riyad): Mutum huɗu ba gwaji ba ne. Ka turo rikodin ɗin mu ji kafin ka ba muhandis.

Tafinta (Tabuk): In sha Allah gobe bayan la'asar, yanzu zan je in duba hita, an ce daren yau zai kai digiri 3.