Hajiyarmu ta karye a kafaɗa: likita ya ce rataya, dangi sun ce sai ɗori

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema don Allah. Ranar Talata da asuba mahaifiyarmu, mai shekara 64, ta zame a wajen alwala a gidanmu na Unguwar Rogo a Jos, ta faɗi a kan hannunta na dama. Mun kai ta asibiti aka ɗauki hoto. Likita ya ce kan ƙashin damtse ne ya karye, daidai inda yake shiga kafaɗa, amma bai goce ba. Bai saka mata siminti ba, rataye hannun kawai aka yi a wuya, aka ba ta maganin ciwo, aka ce mu koma bayan mako guda a sake hoto. Yau kwana huɗu. Jini ya kwanta baƙi tun daga kafaɗa har gwiwar hannu da gefen ƙirji, barci kuwa ya gagara. Kawu ya ce asibiti ba su yi komai ba, gobe zai kawo mai ɗori ya ja hannun ya ɗaure da kara. Hajiya ma zuciyarta ta karkata can. Ni ke jinyarta, kuma wallahi tsoro nake ji. Yaya zan yi?

Ma'aikaciyar jinya, Rikkos: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ki kwantar da hankalinki, ratayar nan ita ce maganin. Kafaɗa ba kamar ƙwauri ba ce da za a zagaye da siminti, kuma yawancin irin wannan karaya, in ƙashi bai goce ba, a haka take haɗewa cikin mako 6 zuwa 12. Jan da Kawu yake so a yi shi ne abin gudu, don zai iya raba ƙashin da yake zaune lafiya, daga nan sai aiki a saka ƙarfe. Kwanciyar jinin da kike gani gangarowa yake yi daga wurin karayar, zai washe da kansa. Abin da za ki tsaya a kai: in yatsunta suka yi sanyi, suka canza launi, ko suka mutu ba ta jin taɓi, kada ki jira ranar komawa, ku wuce asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo ko asibitin da ya fi kusa. Zobe da warwaro a cire su yanzu.

Wani dattijo, Gangare: 'Yata, ni an ɗora ni a hannu ina saurayi kuma na warke, ba zan zagi masu ɗori ba. Amma ƙashin saurayi daban, na tsohuwa daban. Kada ki yi musu da kawunki a gaban mutane. Ki same shi shi kaɗai, ki roƙe shi ya raka ku ranar hoto na biyu, likita ya nuna masa da idonsa. Babba in aka girmama shi yana saukowa.

Mai aikin gashin ƙashi, Bukur: Malama, ina ƙara wani abu da mutane ke mantawa. Bayan karaya, babbar matsalar kafaɗa sandarewa ce, musamman ga mai ciwon suga. Tun yau ta riƙa dunƙule yatsu tana buɗewa, tana juya wuyan hannu. Kafaɗar kanta kuwa kada a motsa sai likita ya yarda, sannan a fara da sunkuyawa a bar hannun yana lilo a hankali. Ƙashi zai riga ƙarfin hannu dawowa, wani sai ya yi wata 6, wani har shekara, kafin ya ɗaga hannu sama sosai. Maganar barci, ki jingina ta da matasai kamar a zaune, kwanciya rigingine ce ke tayar da ciwon. Da sanyin Jos ɗin nan, ki samo mata riga mai maɓalli a gaba, hannun mai ciwo shi ake fara zurawa.

Wata uwa, Farin Gada: Ni yayata ce ta yi irin wannan. Tana jin tsoron ciwo ta ƙi zuwa gashi, yau ko ɗankwali sai an ɗaura mata. Ki lallaɓa Hajiya ta jure. Kuma kada ku sayo magungunan ciwo a kemis ku haɗa mata, irin su diclofenac suna taɓa ciki da ƙoda ga manya. Ki tambayi likita batun raunin ƙashi ma, mace in ta daina al'ada ƙashinta yana rage ƙwari, shi ya sa ɗan zamewa ke karya ta. Kindirmo, ƙananan kifi da hantsi suna taimakawa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na Gangare, na bi shawararka, na je har gida na sami Kawu bayan magariba. Ya yi shiru, can ya ce to, zai ɗaga zuwan mai ɗorin sai ya ga hoton ranar Talata. Daren jiya na jingina Hajiya da matasai uku, ta samu barci har kiran assalatu. Sallah a zaune take yi yanzu. Anti mai jinya, ƙasan hammatarta ya fara yin ja saboda gumi, ta yaya zan goge mata ba tare da na ɗaga hannun ba?