Musayar waƙa: wuta ce ke ƙona auduga?

Ɗan Kurmi:
Salamu alaikum jama'a, yau falsafa na zo da ita. Jiya muna dawowa daga Zariya da rana tsaka na hango ruwa kwance kan titi har na ce wa direba ya rage gudu, muna isa wurin babu ko ɗigo, ashe kawalwalniya ce, wlh abin ya tsaya min a rai.

Na hango ruwa kwance kan kwalta,
Muna isa sai ya yi ɓacewa.
Ido da na ɗauka mai gaskiya ne,
Ashe shi ma yana ruɗarwa.
Ku ba ni sanin da ba ya girgiza,
Wanda kokwanto bai iya turewa.

Malam na Zaure:
Wa alaikumus salam. Yaro ai ba kai ka fara ba, Imamu Gazali mutumin garin Ɗusa a ƙasar Farisa da aka haifa a 1058 ya riga ka shiga wannan ramin.

Gazali ya dubi inuwa a ƙasa,
Ido ya ce masa ba ta tafiya.
Bayan sa'a ya dawo ya duba,
Ta matsa, ido bai faɗi gaskiya.
Tauraro kamar dinari a sama,
Lissafi ya ce ya fi duniya.
Hankali ya ƙaryata ido ke nan,
Shi kuma wa zai kama shi da ƙarya?
A mafarki kana ta cinikin shanu,
Ka farka hannunka ba ko igiya.

Kusan wata biyu ya yi cikin wannan hali, kuma da kansa ya ce ba jera hujjoji ne ya fitar da shi ba, wani haske ne Allah ya jefa masa a ƙirji.

'Yar Damagaram:
Allah ya gafarta Malam, hasken nan ai ba kowa ake ba ba, mu da ba mu kai can ba bari mu laluɓa da Ibnu Sina, likitan nan masanin falsafa. Shi cewa ya yi ka ƙaddara an halicce ka yanzun nan a sarari, ba ka gani ba ka ji, gaɓoɓinka ma ba sa taɓa juna.

Ku toshe ido ku toshe kunne,
A sararin sama ku rataye ni.
Ba ƙasa, ba iska mai taɓa fata,
Ba wani hannu da zai shafe ni.
Ban san ina da ƙafa ko kai ba,
Amma dai na san akwai ni.

Ya rasu a 1037, sai a 1637 Dekart ɗan Faransa ya fito da tasa ta cewa tunda yana tunani to lallai akwai shi, shekara 600 cif tsakani, duk da dai ba abu ɗaya suke son tabbatarwa ba.

Baban Funtuwa:
Ke 'yar nan, wannan "akwai ni" naki ko mudun gero ba zai saya ba. Ni dillalin auduga ne, abin da na sani na san shi.

Shekara talatin ina awon auduga,
Ban ga ranar da ta shirya da wuta.
Guntun sigari ya faɗa a tsibi,
Kafin a ɗebo ruwa ta cinye ta.
Ku bar ni da zancen mafarki da inuwa,
Toka na nan, ku zo ku shafa ta.

Malam na Zaure:
Alhaji ka faɗo daidai inda nake jiranka, don wuta da auduga ɗin nan su ne ainihin misalin da Gazali ya kawo a mas'ala ta 17 cikin littafinsa Tahafutul Falasifa. Da amsa-amonka zan rama.

Ka ga wuta ka ga toka Alhaji,
Ƙonawar fa, a ina ka gan ta?
Ido ya ga wannan na bin wancan,
Igiyar tsakani bai hango ta.
Zakara na cara gari ya waye,
Rana ba shi ne ya fito da ita.
Da aka jefa Ibrahimu a ciki,
Mai ita ya hana, ba ta taɓa fata.

Duk wanda ya karanta littafin tauhidin nan Ummul Barahina na Sanusi a zaure ya san hukuncin hankali uku ne, wajibi (abin da dole ya kasance) da mustahili (abin da ba ya yiwuwa) da ja'izi (abin da zai iya kasancewa ko ya ƙi), shi kuma ƙunar wuta hukuncin al'ada ne, wato Allah ke halittar ƙunar a lokacin haɗuwarsu ba wai wutar ce ke yi da ƙarfin kanta ba.

'Yar Damagaram:
Malam a yi min afuwa, yau dai gefen Baba nake duk da ya yi min gori. Ibnu Rushdi alƙalin birnin Kurɗuba na Andalus kuma likita, wanda ya rasu a Marrakesh a 1198, littafi guda ya rubuta yana mayar wa Gazali martani, kuma shi ma fa malamin fiƙihun Malikiyya ne ba wani bare ba.

In wuta ba ta da halin ƙuna,
Da me za a raba ta da ruwa?
Likita zai ba ka magani don me,
In ba sababi ke sa warkewa?
Mai soke sababi, in ji alƙali,
Hankali ne yake rusawa.
Wanda ya tsara wuta da halinta,
Hikimarsa ce muke karantawa.

Abu Sumayya:
Ku ji tsoron Allah, wannan mandiƙi (ilimin tsara hujja) da falsafar Girkawa ai malamai sun hana.

Ilimin Aristo ba namu ba ne,
Ku koma ga nassi ku huta.

Malam na Zaure:
Ɗan'uwa wasu sun hana gaskiya ne, Suyuɗi na Masar yana cikinsu. To amma Shehu Magili, wannan dai da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, baitoci ya aika masa yana kare mandiƙi, Suyuɗi shi ma ya amsa da baitoci, ka ga musayar tamu gado ce. Shi kansa Gazalin da ya yi wa 'yan falsafa kaca-kaca bai jefar da mandiƙi ba, a gabatarwar littafinsa na usulul fiƙihu ma ya sa shi.

Ma'auni ba ya da ƙabila,
Ko wa ya ƙera, duba awonsa.

Ɗan Kurmi:
Kai jama'a, ni da na zo da ruwan kwalta an bar ni a tasha an tafi gobara. Har yanzu fa ba wanda ya ce min ga abin da zan riƙe, Malam ya ce haske, Yaya ta Damagaram ta ce akwai ni, direbanmu kuma ko a jikinsa, bai ko taka birki ba don ya saba gani.

Baban Funtuwa:
To ai direban nan ya fi ku duka. Malam na yarda Allah ke ƙonawa, ban taɓa musun wannan ba, amma allon da na kafa a ƙofar sito na hana shan taba yana nan daram.

Malam in ka zo Funtuwa ziyara,
Akwai fura, akwai shimfiɗa ta hutawa.
Ashana dai ka bar ta a mota,
Al'adar nan ba na son gwadawa.